Gaisuwar Mutanen Tailan: Daga Haɗa Tafi Zuwa Runguma

A wannan fitowa za mu leƙa wata ƙasa mai nisa, wadda da yawanmu ba mu san ta ba sai a jikin buhun shinkafa, wato Tailan. Wasu daga cikin 'yan uwanmu mata 'yan kasuwa sukan je babban birninta Bankok saro kaya, wasu kuma neman magani ke kai su. Abin da za mu duba shi ne yadda mutanen wannan ƙasa suke gaisawa, da yadda suke kallon taɓa jikin juna, da kuma yadda abin yake sauyawa a hannun 'ya'yansu. Dalili kuwa, gaisuwa ita ce karatun farko da uwa take biya wa ɗanta, kuma duk abin da ya taɓa ta ya taɓa tarbiyya.

Ƙasar da mutanenta

Tailan tana kudu maso gabashin nahiyar Asiya, tana maƙwabtaka da Myanmar da Laos da Kambodiya da Malesiya. Mutanenta sun haura miliyan 65, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari mabiya addinin Buda ne. Musulmi kuwa sun kai wajen kashi 5 cikin ɗari, mafi yawansu a kudancin ƙasar. A da sunanta Siyam, sai a shekarar 1939 aka mayar da shi Tailan. Turawa ba su taɓa yi mata mulkin mallaka ba, saboda haka sauye-sauyen da za mu gani a gaisuwarsu yawanci daga sarakunansu da gwamnatocinsu da matasansu suka fito.

Yadda ake gaisuwar "wai"

Sunan gaisuwarsu "wai". Kada ki ɗauka irin "wai" ɗinmu ce ta an ce ka ce, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Yadda ake yin ta shi ne mutum ya haɗa tafukan hannunsa biyu a gaban ƙirji, yatsu suna kallon sama, sannan ya ɗan sunkuyar da kai. Asalinta daga Indiya ta zo musu tare da addini. Ba a taɓa jikin wanda ake gaisarwa ko kaɗan.

Ba kowa ake yi wa iri ɗaya ba. A makarantunsu ana koya wa yara mataki uku. Idan malamin addinin Buda ne, irin masu yafa rawayan mayafin nan, ko kuwa gunkin Buda, ana sunkuyawa har manyan yatsu su kai tsakanin gira. Idan iyaye ne ko kakanni ko malaman makaranta, manyan yatsu kan hanci suke tsayawa. Idan kuwa wanda ya ɗan girme ka ne ko sa'anka da kake girmamawa, to a haɓa suke tsayawa. Kin ga ke nan da ganin inda hannu ya tsaya an san matsayin kowa.

Ƙarami shi ke fara gaisuwa, babba ya amsa da haɗa tafi a ƙirji ba tare da sunkuyawa sosai ba. Babba ba ya fara yi wa yaro. Malaman addininsu kuwa ba sa mayar wa kowa, komai girmansa. Shi ya sa da mutum biyu sun haɗu sukan so su san wa ya girmi wani, don a san mai cewa "phi", wato yaya, da mai amsa "nong", wato ƙane ko ƙanwa. Da wannan haɗa tafin ake yin godiya, da shi ake ba da haƙuri, da shi ake sallama.

Sama da wannan akwai wadda suke kira "kraab", wato mutum ya zube ƙasa ya kai goshinsa ga hannuwansa a gaban wanda yake girmamawa. Ana yin ta ga gunki da malaman addini da iyaye. Tun 1976 aka tsayar da 12 ga Agusta a matsayin ranar uwa a ƙasar, ranar haihuwar Sarauniya Sirikit wadda ta mutu a watan Oktoban 2025. A irin wannan rana yara sukan kawo wa iyayensu mata farin furen yasmin su zube a ƙafafunsu. Haka kuma a farkon shekarar karatu akwai bikin "wai khru" da ake yi ranar Alhamis, inda ɗalibai suke kai wa malamansu furanni suna rusunawa.

Kai, ƙafa da taɓa jiki

Ba za a gane dalilin nisantar taɓa jiki a wurinsu ba sai an san yadda suke kallon jikin mutum. Kai shi ne mafi daraja, ƙafa ita ce mafi ƙasƙanci. Dafa kan babba cin mutunci ne, miƙe ƙafa ta fuskanci mutum ko nuna abu da ita rashin tarbiyya ne, tsallake mutumin da ke zaune ko kwance kuwa ba a ma maganarsa. Wanda zai wuce ta gaban manya yakan ɗan duƙa don kada kansa ya zarce nasu. Mace ba ta taɓa malamin addinin Buda, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, sai dai ya shimfiɗa ƙyalle ta ajiye a kai. A motar haya ma ba ta zama kusa da shi.

A tsohuwar al'adarsu namiji da mace ba sa nuna soyayya a bainar jama'a, ko da kuwa ma'aurata ne. Amma ƙawa da ƙawa su riƙe hannu suna tafiya ba komai ba ne. Wannan ba ya nufin ba su da shauƙi a cikin gida. Suna da wata irin sumba da suke kira "hom kaem": uwa ko kaka takan ɗora hancinta a kumatun yaro ta shaƙi ƙamshinsa. Da yaro ya fara girma sai wannan ta ragu, ƙauna ta koma cikin aiki, kamar dafa masa abin da yake so, da tambayar ko ya ci abinci. Akwai kuma wata ɗabi'a da suke ce wa "kreng jai", wadda ta yi kusa da abin da muke kira kara, wato gudun takura wa wani ko sa shi jin nauyi. Mai wannan ɗabi'a ba zai faɗa jikin mutum haka kawai ba, kuma idan an faɗa nasa da wuya ya ce ba ya so. Ki riƙe wannan magana ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Al'adar ba ta tsaya wuri ɗaya ba

Mai kallo daga nesa zai zaci haka suke tun kaka da kakanni. Tarihi bai nuna haka ba. A shekarar 1873 Sarki Chulalongkorn, wanda ake kira Rama na Biyar, ya soke zubewa da rarrafe a gaban sarki da manyan fada, yana ganin abin danniya ne ga talaka. Ya ce a riƙa tsayawa a rusuna kawai. Amma bayan shekaru tamanin da ɗoriya, a zamanin mulkin soja na Sarit Thanarat wanda ya ƙare a 1963, sai zubewar ta sake dawowa fada.

Ita kanta kalmar "sawatdi" da kowane baƙo yake fara koya, wadda namiji ke ƙara wa "khrap" mace ta ƙara "kha", ba tsohuwa ba ce. Wani malamin harshe a Jami'ar Chulalongkorn mai laƙabin Phraya Upakit Silapasan ne ya ƙirƙiro ta cikin shekarun 1930 daga wata kalmar Sanskirit mai ma'anar alheri da lafiya. A 1943 gwamnati ta mayar da ita gaisuwar ƙasa. Kafin nan mutane da tambaya suke gaisawa: ina za ka, daga ina kake, ka ci shinkafa kuwa? Har yau ba a daina waɗannan ba, musamman a ƙauyuka.

Shugaban gwamnatin wancan lokaci, Phibun Songkhram, ya fitar da dokokin al'ada goma sha biyu tsakanin 1939 da 1942, don a cewarsa ƙasar ta waye. Aka umarci mutane su sa tufafi irin na Turawa har da malafa, aka hana tauna wani ganye da ƙwaya da suke ci kamar yadda muke cin goro, har ma aka kwaɗaitar da magidanta su sumbaci matansu kafin su fita aiki. To, "sawatdi" ta zauna daram, amma sumbar bakin ƙofa ba ta karɓu ba. Darasin da ke nan shi ne, hukuma tana iya sa wa mutane kalma a baki, amma abin da ya shafi jiki da kunya a cikin gida ake yanke hukuncinsa.

Ta ina runguma ta shigo?

Abin da doka ta kasa, zamani ya yi shi a hankali. A yau a Bankok da Chiang Mai da sauran manyan birane, ganin ƙawaye sun rungume juna a filin jirgi ko ranar bikin kammala jami'a ba baƙon abu ba ne. Saurayi da budurwa suna tafiya riƙe da hannu. Ma'aikatan kamfanoni suna musafaha da baƙi, wani lokaci a haɗa tafi tukuna sannan a miƙa hannu. Tsakanin abokai matasa kuwa sau da yawa ɗaga hannu da murmushi ya wadatar. Ga wasu daga cikin dalilan:

Na farko, baƙi. A shekarar 2019 kaɗai masu yawon buɗe ido kusan miliyan 40 ne suka shiga ƙasar. Wanda yake aiki a otal ko kasuwa kullum yana cuɗanya da masu musafaha da runguma, dole wani abu ya manne masa.

Na biyu, fina-finai da waƙoƙin Amurka da Koriya ta Kudu, da wasannin kwaikwayon talbijin na ƙasar kanta, sannan wayar hannu da Facebook da TikTok. Yaro yana ganin runguma sau da yawa a allo kafin ya gan ta a gidansu.

Na uku, ƙaura da auratayya. 'Ya'yan manoman arewa maso gabas, yankin da ake kira Isan, suna tafiya birni ko ƙasashen waje neman kuɗi su bar yara wurin kakanni, sai a bikin shekara ake haɗuwa. Mata da yawa daga yankin sun auri Turawa. Wanda ya shekara bai ga ɗansa ba, haɗa tafi daga nesa ba ya kashe masa ƙishirwa.

Na huɗu, raguwar haihuwa. Gidan da a da yake da yara shida yanzu ɗaya ne ko biyu, kuma likitocin yara da masana tarbiyya suna ƙarfafa wa iyaye su riƙa rungumar 'ya'yansu. Shi ya sa a bikin ranar uwa a makarantu za ki ga yaro ya zube a ƙafar uwarsa, ita kuma ta ɗago shi ta rungume suna hawaye. Tsohuwar al'ada da sabuwa sun haɗu a wuri guda.

Na biyar, matasa sun fara tambayar dalili. A 2016 wani ɗalibin Jami'ar Chulalongkorn, Netiwit Chotiphatphaisal, ya ƙi zubewa a gaban mutum-mutumin Sarki Rama na Biyar, hujjarsa kuwa ita ce shi sarkin da kansa ne ya soke zubewa. A 2020 kuma 'yan makarantun sakandare suka yi zanga-zanga kan dokokin aski da kayan makaranta da yadda wasu malamai suke wulaƙanta ɗalibai da sunan ladabi. Dattawa da yawa sun ga wannan fitsara ce. Su kuma yaran suna cewa girmamawar da aka tilasta ba ta kai zuci.

Duk da haka kada ki zaci "wai" ta mutu. Yaron da ya rungumi abokinsa a tasha, da ya isa gida tafi zai haɗa wa kakarsa. Hatta mutum-mutumin da ke ƙofar gidajen abincin McDonald's a ƙasar tafi ya haɗa. Da cutar korona ta ɓarke, Tailan ce ƙasa ta farko bayan Sin da aka tabbatar da ita, ranar 13 ga Janairun 2020. A lokacin duniya ta guji musafaha, aka ga manyan mutane irin su Yarima Charles na Ingila, wanda ya zama sarki a 2022, suna gaisawa da haɗa tafi. Abin da wasu matasa suka fara ɗauka tsohon yayi sai ga shi ya yi rana.

Taɓawar da ba a so

Ga inda maganar take da nauyi. Kowace shekara daga 13 zuwa 15 ga Afrilu suna bikin sabuwar shekararsu mai suna Songkran. Asalinsa yara ne suke zuba ruwa mai ƙamshi a hannun dattawa suna neman albarka. A birane ya rikiɗe ya zama wasan watsa ruwa a titi da shafa wa mutane farin gari a fuska. A cikin wannan turmutsutsu mata da yawa sun koka cewa maza suna fakewa da wasa suna taɓa jikinsu. A 2018, bayan wani jami'in gwamnati ya shawarci mata su kula da suturarsu don kauce wa haka, wata fitacciyar mai gabatar da shirye-shirye, Cindy Bishop, ta tayar da gangami tana cewa a daina ɗora laifin a kan matan, a fuskanci masu miƙa hannun.

Mu a wurinmu sutura ibada ce, ba ma sasautawa a kanta. Amma wannan bai wanke mai miƙa hannu ba, domin shi ma an umarce shi ya kame idonsa da hannunsa. Ku tuna da "kreng jai" da muka ambata. Yarinyar da aka koya wa cewa ba a musa wa babba, ba a kuma koya mata cewa jikinta yana da iyaka ba, ita ce take yin shiru idan malami ko maigidan aiki ko wani ɗan uwa ya wuce gona da iri. Kara abu ne mai kyau, amma idan ta hana yaro faɗin abin da aka yi masa, ta zama makami a hannun azzalumi.

Musulmin ƙasar fa?

A lardunan Pattani da Yala da Narathiwat da Satun Musulmi ne suka fi yawa, kuma a ukun farko harshen Malay ake yi a gida. Dokokin Phibun sun taɓa su ƙwarai, don an matsa musu kan suturarsu da harshensu. Gaisuwarsu sallama ce. Mace da mace, ko namiji da namiji, sukan haɗa hannu sannan kowa ya kai nasa ƙirji. Yaro yakan kama hannun babba ya kai goshinsa ko ya sumbata, musamman ranar salla in ana neman gafarar iyaye. Tsakanin namiji da macen da ba muharramarsa ba, sallama da baki ta isa.

Idan sun haɗu da maƙwabtansu mabiya Buda, da yawansu sukan haɗa tafi a ƙirji don ladabi, amma ba sa yi wa gunki, ba sa kuma zubewa ga kowa. Wasu malamai ba sa son ko da haɗa tafin saboda asalinsa, wasu kuma suna ganin ya zama gaisuwar gari kawai. Inda ba a saɓa ba shi ne sujada ta Allah ce shi kaɗai. Lokacin da Mu'azu ɗan Jabal, Allah ya yarda da shi, ya dawo daga Sham ya so ya yi wa Annabi, sallallahu alaihi wasallam, irin sujadar da ya ga ana yi wa manya a can, hana shi aka yi.

Abin da za mu ɗauka

Ɗaya. 'Yar uwar da tafiya ta kai ta can, ta kwantar da hankalinta. Ƙasa ce da ba a tsammanin mace ta miƙa wa namiji hannu, don haka ba wanda zai ga baƙinta. Idan an haɗa mata tafi, ta sa hannu a ƙirji ta yi murmushi ta ce "sawatdi kha", ya wadatar. Ta kiyaye dafa kan mutane da miƙe musu ƙafa, ta cire takalmi in za ta shiga gida.

Biyu. Kada mu bari waya ta riga mu rungumar 'ya'yanmu. Ya tabbata cewa Annabi, sallallahu alaihi wasallam, ya sumbaci jikansa Hasan, kuma da Aƙra'u ɗan Habis ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai ya nuna masa cewa wannan ƙarancin jinƙai ne. Malaman tarihi sun kawo cewa ya rungumi Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ranar da ya dawo daga Habasha. Kunyar ɗan fari da muka gada ba ta kai ta hana yaro jin ɗumin uwarsa ba. Yarinyar da ta ƙoshi da ƙauna a gida ba ta saurin ruɗuwa da ta waje.

Uku. Mu koya wa yara iyaka tun suna ƙanana, mata da maza: wane ne muharrami, wane ne ba shi ba, ina ne a jiki ba mai taɓawa. Uwar muminai A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa ko a wurin mubaya'a da baki Annabi ya karɓi alkawarin mata, bai yi musafaha da su ba. Kada a tilasta wa yaro zama a cinyar baƙo don gudun a ce ba shi da sakin jiki. Idan ya ce wani ya taɓa shi, a saurare shi kafin a tsawata.

Huɗu. In za mu koya wa yaro gaisuwa, mu haɗa masa da dalili. Matasan Tailan ba gaisuwa suka ƙi ba, abin da suka ƙi shi ne a ce su yi kawai ba tambaya, alhali wanda ake yi wa ba ya tausaya musu. Babba ma yana da nasa rabon: ya amsa da fara'a, ya sa albarka.

Tambayoyin bita

1. Mene ne matakai uku na gaisuwar "wai", kuma wa ake yi wa kowanne?
2. Me ya sa "sawatdi" ta karɓu amma sumbar da gwamnatin Phibun ta kwaɗaitar ba ta karɓu ba?
3. Ta yaya kara za ta iya cutar da yaro, kuma me uwa za ta yi a kai?
4. Ki zauna da 'ya'yanki a wannan mako ki sa kowanne ya lissafa muharramansa.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa su zama sanyin idanunmu, ya kare su daga hannun azzalumai. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.